Tenzing Norgay: ɗan dakon da ya zama malamin hawan tsauni

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta Dandume lokacin kaka, ya ga yadda 'yan dako ke saɓa buhun masara su haye katakon da aka jingina wa tirela, ya san akwai ilimi a cikin wannan aiki, ko da kuwa ba wanda ya taɓa raɗa masa suna. Akwai yadda ake dasa ƙafa, akwai yadda ake karkata kafaɗa, akwai kuma lokacin da ake sakin numfashi. Sabon shiga yakan yi wata da watanni kafin manya su yarda ya hau katakon da cikakken buhu. To amma idan mota ta tashi, sunan mai kaya da na direba kaɗai ake rubutawa a takarda. Na kawo wannan ne domin mutumin da nake son mu waiwayi rayuwarsa a yau da dako ya fara, a wata ƙasa mai nisa da tamu, kuma da an bi al'ada da shi ma sunansa bai shiga kowace takarda ba.

Abin da akasarin mutane suka sani game da Tenzing Norgay shi ne, da misalin ƙarfe 11:30 na safiyar 29 ga Mayu, 1953, shi da Edmund Hillary, mai kiwon zuma daga ƙasar Niyuzilan, suka zama mutanen farko da aka tabbatar sun taka ƙololuwar tsaunin Everest, wanda awon da aka sanar a 2020 ya nuna tsawonsa ya kusa mita 8,849. Minti 15 kacal suka yi a can. Ni a ganina wannan ɗan lokaci ya rufe wa mutane ido daga shekaru 18 da ya yi yana koyo kafin ranar, da kuma shekaru 22 da ya yi yana koyarwa bayanta, alhali a nan ne labarin yake.

An haife shi wajajen 1914, ɗa na 11 cikin 13 ga wani makiyayin shanun nan masu gashi da ake kira yak. Littafin tarihinsa ya nuna ya tashi a yankin Khumbu na ƙasar Nepal, masu bincike na baya kuma sun kawo hujjar cewa a wani kwari na Tibet, gabas da Everest, aka yanke masa cibi, daga baya iyayensa suka ƙaura. Sunansa na yanka Namgyal Wangdi, babban malamin addinin Buda na Rongbuk ne ya ba da shawarar a sauya masa. An kai shi gidan ibada na Tengboche da nufin ya zama malamin addini, bai zauna ba. Ya koma kiwo, ya gudu zuwa Katmandu sau ɗaya ya dawo, sannan yana ɗan shekara 19 ya tsallaka zuwa Darjilin a ƙasar Indiya, garin da Turawan Ingila ke ɗaukar 'yan dako idan za su tafi tsaunukan Himalaya.

A nan mai karatu zai yi mini uzuri in ɗan ratse, don hali zanen dutse ne, wanda ya karanci harshe ba ya wuce kalma bai ɗaga ta ba. Kalmar Sherpa sunan ƙabila ce, ma'anarta a harshensu mutanen gabas, saboda daga gabashin Tibet kakanninsu suka taso shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Amma da yake su Turawa suka riƙa ɗauka aikin kaya, sai kalmar ta rikiɗe a bakin baƙi ta zama sunan sana'a, har ta kai a yau jami'an da ke share fagen tarukan shugabannin manyan ƙasashe da wannan suna ake kiransu. Mu ma mun san irin wannan. A wasu garuruwan kudu duk mai gadi ko mai yankan farce Malam ne ko Aboki, kalmomin girmamawa da zumunci sun koma laƙabin ƙaramin aiki. Da wannan nauyi a ka Tenzing ya shiga sana'ar.

A 1935 Eric Shipton ya ɗauke shi cikin ayarin da ya je leƙen hanyar Everest ta ɓangaren Tibet, duk da ba shi da takardar shaidar aiki ko ɗaya. Ya koma a 1936, ya sake komawa a 1938 ƙarƙashin H. W. Tilman, inda ya kai kaya har zango na shida, sama da mita 8,200, abin da ya sa ya shiga sahun waɗanda aka ba lambar Damisa, wadda ƙungiyar mahaya Himalaya ke ba 'yan dakon da suka yi fice.

Ya kamata mu fahimci abin da waɗannan alkaluma ke nufi, tun da mu mutanen fili ne. Funtuwa da Malumfashi duk ba su kai mita 1,000 daga bakin teku ba, duwatsun da muka hau muna yara, muna zamewa a kansu har wando ya yage, idan aka kwatanta su da waɗancan tsaunuka ko tsakuwa ba su kai ba. Wuri mafi tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419 ne, ciwon tsauni kuwa galibi daga wajajen mita 2,500 yake fara kama mutum: ciwon kai, amai, rashin barci, in ya yi tsanani ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. A ƙololuwar Everest iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta wadda yake samu a bakin teku. Saboda haka jiki sai an lallaɓa shi. A hau a kai kaya zangon sama, a sauko a kwana a na ƙasa, a sake hawa, har jini ya ƙara yawan ƙwayoyin da ke ɗaukar iskar. Ɗan dako kuwa, da yake shi ke zirga-zirga tsakanin zanguna, yakan hau tsauni guda sau da yawa kafin maigidansa ya hau sau ɗaya. Wannan ita ce makarantar farko ta Tenzing, kuma abin da ta koya masa shi ne juriya da sanin jikinsa.

Sai dai juriya ba ta wadatar da wanda zai shiga gaba. Tsakanin mai bin sawun wani da mai zaɓen hanya akwai tazara babba, kuma a wannan tsakiyar ne aka fi mutuwa, lokacin da mutum ya san abin da zai kai shi wuri mai haɗari amma bai san abin da zai dawo da shi ba. Shekarun yaƙin duniya na biyu a Chitral ya yi su, a ƙasar da yanzu take cikin Pakistan, yana hidimar wani hafsan soja, a can matarsa ta fari ta rasu. Da ya dawo Darjilin sai ya shiga wannan mataki na tsakiya, ba tare da wata makaranta ba, sai dai kowace tafiya da darasinta.

A 1947 ya bi wani Bature haifaffen Kanada mai suna Earl Denman, wanda ya saci jiki ya shiga Tibet ba izini, da ɗan guzuri da tanti marar kirki, wai zai hau Everest. Su uku ne kawai. Iska da sanyi suka kore su a wajajen mita 6,700, kuma Allah Ya taimake su mutumin ya yarda ya juya. A wannan shekarar dai ya bi ayarin mutanen Suwizalan zuwa yankin Garhwal, shugaban 'yan dako ya faɗi ya ji mummunan rauni, Tenzing na cikin waɗanda suka ceto shi, sai aka naɗa shi a gurbinsa, ya kuma hau tsaunin Kedarnath tare da su, karon farko da aka hau shi. Muƙamin da ya samu, wanda suke kira sardar, ba shi da maraba da madugu a ayarin fataken Gwanja: shi ke ɗaukar mutane, shi ke raba kaya, shi ke shiga tsakani idan rigimar kuɗi ta tashi, kuma shi ake tambaya idan wani bai dawo ba.

Darussa biyu mafi ɗaci sun zo a jere. A ƙarshen 1950 ya raka wasu matasan Ingila uku zuwa Nanga Parbat, tsauni mai mita 8,126, ga shi hunturu ya kama. Tenzing da 'yan uwansa suka ga yanayin bai yi ba, suka ƙi wuce wani zango. Ɗaya daga cikin Turawan, Richard Marsh, ya sauko saboda sanyi ya ci masa ƙafa, sauran biyun, Thornley da Crace, suka ci gaba. An hango su na 'yan kwanaki daga ƙasa, sai dusar ƙanƙara ta sauka, ba a sake ganinsu ba, duk da neman da Tenzing da Marsh suka fita yi. Shekara ta zagayo, 1951, wasu Faransawa biyu, Roger Duplat da Gilbert Vignes, suka ƙudiri aniyar bin siririn doron da ya haɗa kawunan Nanda Devi biyu, tafiyar kusan kilomita uku a sararin sama. Su ma suka ɓace. Tenzing da Louis Dubost suka hau kan gabas, mai mita 7,434, ko za su tarye su, ba su ga kowa ba. Daga baya ya riƙa bayyana cewa wannan hawan ya fi na Everest wuya. Abin lura shi ne mutanen huɗu da suka halaka ba ragwaye ba ne, ba kuma jahilai ba. Ƙarfin zuciyarsu ne ya zarce abin da suka tanada, shi kuwa ɗan dakon da bai iya karatu ba ya koyi karanta gajimare da launin ƙanƙara, ya kuma koyi cewa juyawa baya ma fanni ne na sana'ar.

Mutanen Suwizalan ne suka fara ɗaukarsa a matsayin abokin hawa na sosai. A tafiyarsu ta bazarar 1952, bayan Nepal ta buɗe ƙofarta ga baƙi, sun ba shi matsayin cikakken ɗan tawaga baya ga madugancinsa. Shi da Raymond Lambert suka kwana a ƙaramin tanti ba bargon barci ba murhu, suna narka ƙanƙara da kyandir, suna bubbuga juna don kada sanyi ya daskarar da su, washegari 28 ga Mayu suka kai kusan mita 8,600 kafin su juya, na'urar iskarsu ba ta aiki sai mutum ya tsaya cak. Lambert Faransanci yake ji, Tenzing kuwa, da ke jin Sherpa da Tibet da Nepali da Hindustani da ɗan Turanci, ba ya jin Faransanci sai tsinta-tsinta, amma igiya ta haɗa su abotar da ta ɗore har ƙarshen rai. Sun sake gwadawa da kaka, iska ta hana su, wani ɗan Sherpa, Mingma Dorje, ya rasa ransa.

Saboda haka lokacin da John Hunt ya zo da ayarin Birtaniya a 1953, tafiyar Tenzing ta bakwai ke nan zuwa Everest, ba wani a cikin tawagar da ya san tsaunin kamarsa. Duk da haka a daren farko a Katmandu, Turawa suka kwana cikin ofishin jakadanci, 'yan Sherpa aka zuba su a gareji ba ko makewayi, sai da Tenzing ya sha wahala kafin ya kwantar da fushinsu. Abin da ya haɗa shi da Hillary kuwa aikin igiya ne. Wata rana suna saukowa ta cikin kogin ƙanƙara na Khumbu, Hillary ya dira a kan wani curi, curin ya ɓalle da shi cikin rami, Tenzing ya kafa gatarinsa ya ɗame igiyar nan take, ya tsayar da shi. Irin wannan saurin hannu ba ya zuwa sai an maimaita abu har ya zama jiki. Ranar 26 ga Mayu, Tom Bourdillon da Charles Evans suka kai ƙaramar ƙololuwar kudu suka juyo. Ranar 28 Hillary da Tenzing suka kwana a wajajen mita 8,500, da safe suka haye wata katangar dutse da ƙanƙara mai kimanin mita 12, suka ƙarasa. Tenzing na sanye da jan mayafin wuya da Lambert ya ba shi. Ya binne alewa da guntun fensirin 'yarsa a cikin ƙanƙara, Hillary ya ɗauke shi hoto yana ɗaga gatari da tutoci huɗu.

Da suka sauko sai siyasa ta tarye su. Labari ya isa Landan daidai da bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, aka ba Hunt da Hillary sarautar Sir, shi kuma aka ba shi lambar George. Indiya ta ce nata ne, Nepal ta ce nata ne, masu zafin kishin ƙasa suka tura masa takardar da ba zai iya karantawa ba ya sa hannu, wai shi ya riga Bature isa. Shi da kansa ya kashe maganar a littafinsa na 1955, Tiger of the Snows, inda ya tabbatar Hillary ne ya fara taka wurin, shi yana biye a igiya guda. Littafin ma ba da hannunsa ya rubuta ba, ya ba da labari ne, James Ramsey Ullman ya tsara da Turanci. Wannan kan tuna mini da Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, ya zauna ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa, aka buga cikin Magana Hausa. Dorugu ya fi shi sa'a ta fuska ɗaya, domin nasa kalaman da harshensa suka iso mana.

Da mutum ne mai neman hutu, da ya tsaya a nan. Firayim Minista Jawaharlal Nehru da B. C. Roy, babban ministan Bengal ta Yamma, suka yanke shawarar kafa makarantar hawan tsauni a Darjilin, Nehru na fatan a samar da irin Tenzing dubu. Aka buɗe Cibiyar Hawan Tsaunukan Himalaya ranar 4 ga Nuwamba, 1954, Manjo N. D. Jayal ne shugaba, Tenzing kuma daraktan horarwa a fage. Abin da ya fi burge ni a duk tarihinsa shi ne abin da ya faru kafin buɗewar. Mutumin da ya taka wuri mafi tsawo a duniya, yana da shekara 40, ya tattara tare da Jayal da wasu 'yan Sherpa shida suka tafi Suwizalan, suka zama ɗalibai a hannun Arnold Glatthard na makarantar Rosenlaui. Tsaunukan Alps ba su kai na ƙasarsu tsawo ba, mafi tsawonsu Mont Blanc bai wuce mita 4,800 da 'yan kai ba, amma a can aka tsara fasahar hawan miƙaƙƙen dutse da sulɓin ƙanƙara, a can kuma aka san yadda ake rarraba ta darasi-darasi a koyar da wani. Tenzing ya san yadda ake yi, bai san yadda ake koyarwa ba, kuma bai ji kunyar amsa hakan ba. Ban san manyanmu nawa za su iya wannan ba bayan an riga an yi musu kiɗa.

Tsarin da makarantar ta ginu a kai mataki-mataki ne. Ɗalibi yakan fara da kwas na share fage, wanda a yau yake ɗaukar kimanin mako huɗu: ƙullin igiya, hawan dutse a wani falale na Darjilin da ake kira da sunan Tenzing, sannan tafiyar kwanaki a ƙafa da kaya a baya daga Yuksom a Sikkim zuwa sansanin da ke kusa da kogin ƙanƙara na Rathong, sama da mita 4,000, inda zai koyi taka ƙanƙara da takalmi mai haƙoran ƙarfe, da tsayar da kansa da gatari idan ya zame. Wanda ya fita da sakamako mafi daraja ne kaɗai ake karɓa a kwas na gaba, in ba haka ba sai ya maimaita. A wannan mataki na biyu ake ɗora masa abin da Tenzing ya koya da gawarwakin abokai: shiga gaba a kafa igiya wa na baya, hawan katangar ƙanƙara, zaro wanda ya faɗa rami, lissafin abinci da zanguna, da sanin lokacin da za a ce a koma. Wato an mayar da shekarun da suka fi kisa sun zama manhaja, ƙarƙashin idon malami.

Sakamakon bai zo da gaggawa ba. Indiya ta gwada Everest a 1960 da 1962 ba ta kai ba, sai a 1965 tawagar M. S. Kohli ta ɗora mutum tara a ƙololuwa. Cikinsu har da Nawang Gombu, ɗan 'yar uwar Tenzing kuma malami a cibiyar, wanda ya riga ya hau tare da Amurkawa a 1963, ya zama mutum na farko da ya hau sau biyu.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani ɗungurungum. Tun 1951 aka fara horon Man O' War a gindin tsaunin Kamaru, kuma makarantar tsauni ta Shere da ke Jos daga wannan tushe ta fito, da yawa cikin masu karanta wannan shafi sun taɓa sauka daga dutse da igiya a can. To amma abin da na lura da shi a sana'o'inmu shi ne muna da matakin farko, ba mu da na biyu. Ana tara matasa bitar kwana uku kan gyaran tarakta ko feshin maganin ƙwari a gonakin auduga da masara, a raba takardar shaida da kuɗin mota, shi ke nan an sallame su, daga nan sai dai su ƙarasa koyo da asarar amfanin gona ko da lafiyar huhunsu. Gwanayen da suka san aikin kuwa, irin tsofaffin makanikai da manoman da suka yi shekara 40 suna karanta ƙasa da hadari, ba wanda ya taɓa tunanin ya koya musu yadda za su koyar, balle a ba su aji.

Kada a ɗauka makaranta ta kawar da rashin daidaiton da Tenzing ya tarar. Har yanzu 'yan Nepal ne ke ratsa wurare mafi haɗari sau da yawa don shimfiɗa wa masu kuɗi hanya, kuma ranar 18 ga Afrilu, 2014, ƙanƙara ta rufto a Khumbu ta kashe 16 daga cikinsu a safiya ɗaya, a yankin da shi ya ceci Hillary.

Shi kansa bai sake hawa Everest ba bayan 1953. An yi masa ritaya daga muƙaminsa a 1976, abin da bai yi masa daɗi ba, Gombu ya gaje shi, shi kuma ya koma jagorantar masu yawon buɗe ido. Waɗanda suka san shi sun ce shekarunsa na ƙarshe cike suke da kaɗaici, ya yi wa mutanensa nisa saboda suna, bai kuma zama ɗaya daga cikin manyan da ke gayyatarsa liyafa ba. Ya mutu a Darjilin ranar 9 ga Mayu, 1986, sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa. An ƙona gawarsa bisa al'adar addininsa a harabar makarantar, Hillary, wanda a lokacin shi ne jakadan Niyuzilan a Indiya, yana cikin masu rakiya. Shekara goma bayan haka, a 1996, ɗansa Jamling ya hau Everest ta hanyar kudu, wadda uban ya bi.